Yaushe Ake Buɗe Kwalbar Humra? Jagora Ga Mai Ajiya A Zafin Yamai

Haɗa humra rabin aiki ne. Sauran rabin yana faruwa ne bayan an toshe bakin kwalba an kai ta ɗaka, inda ba hannun da ke taɓa ta. Farce da sandal da mahalab da kanumfari da miski, kowanne ya shiga da halinsa, kuma ba sa zama abu guda sai sun daɗe tare cikin ruwan turare da madararsa. Masu sana'ar kan ce humra ta tsumu, ko ta nuna, ko ta haɗe. Tambayar da take raba gwana da 'yar koyo ita ce ranar buɗewa. Wata ta yi gaggawa ta shafa wa amarya abin da bai gama sakin ƙarni ba. Wata kuma ta yi ta ɓoyo shekara da shekaru tana jiran ranar da ta isa, ran da ta buɗe sai ta tarar da tsami.

A Yamai kuskure na biyu ya fi yawa, kuma shi ya fi ciwo, domin kayan haɗi ba araha gare su ba. Ana yawan kafa hujja da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne ga zuma. Humra kuwa ba zuma ba ce: tana hawa, ta kai ƙololuwa, ta ɗan zauna a can, sannan ta fara gangara. A garin da zafin rana kan kai digiri 41 a watan Afrilu, hawan da saukar duka da sauri suke.

Me ke faruwa cikin kwalbar

Abu uku ne ke gudana a lokaci guda, kuma sai kin rarrabe su za ki gane abin da hancinki ke faɗa miki.

Na farko jiƙa ce. Garin sandal da daka na mahalab da kanumfari suna sakin mansu cikin ruwan turare a hankali. Farce ya fi su duka nawa. Shi murfin bakin wani dodon-koɗin teku ne, ana samo shi daga gaɓar Bahar Maliya da tekunan ƙasashen Larabawa, kuma amfaninsa riƙe ƙamshi, ya hana shi gudu daga jiki da tufafi. Sai an jiƙa shi, an kankare sauran naman da ke manne, an wanke, an soya ko an gasa kafin a daka. Idan wankin bai yi ba, kada ki sa ran ajiya za ta gyara. Ƙarnin kifin da kika ji ranar haɗi zai ragu in na asalin farcen ne, amma in na ruɓaɓɓen nama ne, ko shekara kika ba shi yana nan.

Na biyu haɗewa ce. Turarukan da ake zubawa, irin su Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 kuma yanzu a Kano ake yin sa, ko Rêve d'Or na kamfanin L.T. Piver da ya fito tun 1889 wanda matan Sudan suka daɗe suna sawa a tasu humrar, kowanne an riga an tsara shi ya tsaya da ƙafarsa. Idan aka gamutsa su da itatuwa da ƙwayoyi, kwanakin farko kowa ihunsa yake yi. Da tafiya ta yi tafiya kaifin ke dushewa, masu nauyi su rungumi marasa nauyi. Masu yin turare a garin Giras na Faransa ma haka suke yi, suna barin haɗinsu makonni cikin tanki kafin su tace su zuba a kwalabe.

Na uku shi ne wanda ba a so: iska tana cin turaren. Iskar da ta rage tsakanin saman ruwan da murfi tana shiga cikin mayukan ta sauya su. Ba duka take ci daidai ba. Sandal na gaske da jema da man oud suna jurewa, har ma sukan ƙara laushi da shekaru. Ƙamshin lemo da na furanni su ne na farkon mutuwa, kuma idan man ɓawon lemo ya sha iska yakan koma abin da ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Mahalab ƙwallon wani ɗan itace ne dangin ceri, yana da maiƙo, maiƙon nan kuwa yakan yi warin tsohon mai idan ya daɗe cikin zafi.

Saboda haka jiran humra tsere ne tsakanin na biyun farko da na ukun. Ranar buɗewa ita ce ranar da jiƙa da haɗewa suka gama aikinsu, iska kuma ba ta yi nisa da nata ba.

Lissafin zafi

Masana kimiyyar haɗa sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusa ninka saurin irin waɗannan sauye-sauye. Ba ma'auni ne na tsaf-tsaf ba, amma ya isa a yi tunani da shi. A garin Basai kusa da Paris akwai wata ma'ajiyar tsofaffin turaruka mai suna Osmothèque, an buɗe ta a 1990. A digiri 12 suke ajiye kwalabensu, cikin duhu, kuma suna korar iskar da ke saman kwalba su maye gurbinta da iskar argon wadda ba ta cin komai. Manoman inabi na yankin Burgundi a Faransa, masu ajiye giyar inabin pinot noir shekaru a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, su ma kusan wannan sanyin suke nema. Abin da ke cikin kwalbarsu ba namu ba ne, amma damuwarsu irin tamu ce: a buɗe da wuri a tarar bai nuna ba, a jinkirta a tarar ya wuce.

To ki ɗora lissafin a kan ɗakinki. Daga digiri 12 zuwa 32 ninki biyu ne a jere, wato kusan sau huɗu. Abin da zai ɗauki shekara huɗu a can, shekara guda ta ishe shi a ɗaki mai matsakaicin zafi a Yamai. Ɗakin kwano mara silin a Afrilu da Mayu kuwa ya wuce nan nesa. Shi ya sa idan kika ji wata a Turai tana alfahari da turaren kakarta da bai sauya ba, kada ki ɗauka naki zai yi haka a kan madubi a Bukoki ko Talaje.

Wasu sukan binne kwalba a ƙasa, su ce ƙasa sanyi gare ta. Akwai amfani, amma ba wanda ake zato ba. Ƙarƙashin ƙasa yana riƙe matsakaicin zafin garin ne na shekara. A Burgundi wannan matsakaicin bai wuce digiri 11 ko 12 ba, shi ya sa ramukansu ke da sanyi ba tare da na'ura ba. A Yamai matsakaicin yana wajen 29. Abin da rami zai ba ki shi ne duhu da daidaito, ba hawa da sauka tsakanin rana da dare, kuma wannan ma riba ce. Sanyi dai ba za ki samu ba.

Inda ya fi dacewa a gidan talaka shi ne ɗakin ciki wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a ƙasa ba a saman kabad ba, domin zafi sama yake taruwa. Ki naɗe kwalbar da tsumma mai kauri ki sa a kwali ko cikin tukunyar ƙasa mai murfi. Mai son ƙari sai ta ari dabarar tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na tashi yana jan zafi. Da rani tana aiki sosai, lokacin da iska ta bushe. Da damina ƙarfinta kaɗan ne. Ki tabbata dai murfin kwalbar ya toshe ƙam, kuma laimar ba ta taɓa shi.

Firigo fa? Ni ba na ba da shawararsa sai ga mai wutar da ba ta ɗaukewa kuma mai firigon da ba abinci a ciki. Sanyi da zafi, sanyi da zafi, duk lokacin da wuta ta tafi ta dawo, yana da tasa illar, ga raɓa da ke taruwa idan an fito da kwalba mai sanyi aka buɗe ta nan take. Ga kuma man shanu da nono, waɗanda ba abin da suka iya kamar shan ƙamshin maƙwabci. Shanya kwalba a rana don ta yi saurin nuna kuwa, wannan ki bar shi gaba ɗaya. Zafin zai sa garin ya saki mai da wuri, amma hasken zai kashe saman ƙamshin kafin ki shafa ko ɗigo.

Kwalbar kanta ta zama ta gilashi, mai duhu in da hali, ko ta alminiyam irin wadda madarar turare ke zuwa ciki. Robar ruwan sha ba wurin humra ba ce, mayukan turare suna cin wasu robobi su kwaso warinsu. Murfin ƙarfe mai tsatsa ma a guje shi. Ki cika ta kusa da wuya.

Ranar haɗi ake shirya ranar buɗewa

Dabarar da ta fi kowace amfani ba ta cin ko dala. Ranar da kika haɗa, bayan kin girgiza sosai, ki tsiyayi kaɗan a wata 'yar kwalba, ki ajiye su gefe da gefe a wuri ɗaya. Ƙaramar ita ce ta gwaji. Ita za ki riƙa buɗewa kina shinshinawa, babbar kuwa girgiza kawai za ki riƙa yi mata a makonnin farko ba tare da kin taɓa murfi ba. Duk buɗewa sabuwar iska ce ta shiga, ruwan turare kuma ya fita, domin sinadarin da ke ɗauke da shi mai saurin tashi ne. Ki sani dai ƙaramar tana gaba da babbar da ɗan taki, tunda ta fi shan iska. Idan ta nuna, ki ƙara wa babbar 'yan kwanaki.

Ki manna takarda a jikin kwalbar ki rubuta kwanan wata da abin da kika zuba. Kowa yana cewa zai tuna. Bayan an yi Sallah biyu, ba mai iya rantsuwa ko kafin haihuwar wance aka haɗa ko bayanta.

Game da tsawon jira, ba adadi ɗaya da ya hau kowace humra, kuma duk wadda ta yanke miki kwanaki ba tare da ta tambayi abin da ke ciki ba, kasuwa take yi. Ga dai yadda nake auna shi. Farar humra, wadda ƙarfinta miski ne da madarar turare, ba ta da abu mai tauri da za ta narkar, mako biyu zuwa uku sukan ishe ta a yanayinmu, kuma ita ce mai gajeren rai, a yi amfani da ita cikin shekararta. Baƙar humra mai farce da garin sandal tana son wata guda aƙalla kafin ma a fara yi mata hukunci, takan fi daɗi tsakanin wata na biyu da na shida, kuma in ajiya ta yi kyau takan riƙe kanta fiye da shekara. Wadda aka yi da mai zalla, ba ruwan turare, ta fi nawa wajen jiƙa, ƙarshenta kuma ya danganta da man da aka sa: man sandal yana daɗewa, man girki ko na shafawa mai arha shi zai fara lalacewa ya ja sauran.

Daga nan sai ki juya lissafin baya. Idan biki ne a gaba, ki ƙirga daga ranar da za a fara gyaran jiki, ba daga ranar ɗaurin aure ba, ki koma baya wata biyu. Lokacin haɗi mafi kyau a Yamai shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba, lokacin da laima ta tafi kuma sanyin dare a Disamba da Janairu kan sauko ƙasa da digiri 20. Humrar da ta kwana ɗari a rufe, aka buɗe ta a Fabrairu, ta samu nunar da ba a yi mata gaggawa ba. Wadda aka haɗa a Maris za ta nuna da wuri, amma ki sa mata ido, kada ki bar ta ta ƙetare bazara biyu. Haɗin Agusta matsalarsa laima ce: garin da bai bushe ƙarau ba yana shigar da ruwa, ruwa kuma shi ke kawo gurɓata da fumfuna.

Yadda ake gwadawa

Da safe ake gwaji, kafin a ɗora tukunya, kafin a kunna turaren wuta, jiki ba sabulu mai ƙamshi. Kada ki kafa hanci a bakin kwalba, abin da ke nan hucin ruwan turare ne, zai toshe miki hanci ya hana ki jin komai. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannu, wani kuma a kan farin ƙyallen auduga wankakke. Ki bar shi ya sha iska kaɗan.

Sau uku za ki saurare shi. Nan da nan, bayan rabin awa, sannan ƙyallen washegari.

Wadda ba ta nuna ba tana da yaji, tana hawa kai, kuma kina iya lissafa kayanta ɗaya bayan ɗaya: ga kanumfari ya yi tsalle, ga Bint el Sudan a gefe, ga ƙaurin suyar farce a ƙasa. Bayan rabin awa sai ki ji ta rabe, wani ya gudu wani ya tsaya. Wannan a mayar da ita, a sake dubawa bayan mako.

Wadda ta nuna murya ɗaya take magana da ita. Ko ke da kika haɗa sai kin yi tunani kafin ki ware abin da ke ciki. Ba ta soka hanci, tana kwanciya a fata, bayan rabin awa tana nan yadda take sai dai ta ƙara zurfi, ƙyallen kuma washegari yana da ɗumin sandal ba ƙarni. Launi ya ƙara duhu, garin ya kwanta a gindi, saman ya yi garau. Duhun launi shi kaɗai ba aibi ba ne, kanumfari da sinadarin banila dama haka suke yi da tsufa.

Wadda ta wuce kuwa alamarta tsami ne a farkon shinshina, ko wari irin na man goge farce na kanti, ko na tsohon mai. Wani lokaci ba wari, sai dai ta yi shiru: nauyin yana nan, armashin ya tafi. Ruwan ya ragu a kwalba ba wanda ya taɓa, ya yi kauri yana danƙo.

Hanci yana gajiya da wuri, kuma yana sabawa da abin gida. Idan kin rikice, ki fita tsakar gida ki shaƙi iska, ko ki ba wata wadda ba ta kwana ɗakin ba ta ji. Yaya ko inna da ba ta jin nauyin faɗa miki gaskiya ta fi ƙawa mai kara.

Bayan an buɗe

Ran da kika yanke cewa ta yi, kada ki ci gaba da ɗiba daga babbar kwalba kullum. Wannan ne ke kashe humra mai kyau a hannun masu ita: kwalba ta koma rabi, rabin sama duk iska, wata uku ƙamshi ya sauya a ce mai haɗi ce ta yi algus. Ki samo ƙananan kwalabe busassu ƙarau, ki rarraba da mazurari, ki cika kowace har wuya, ki toshe. Ɗaya a gaban madubi, sauran su koma duhu. Masu son humra garau sukan tace da ƙyalle mai laushi, masu son ganin gari a jiki sukan bar shi. In za a daɗe ana ajiya, tacewa ta fi, musamman idan mahalab ya yi yawa. Lakar da ta rage ba a zubarwa, ana cuɗa ta da itacen turaren wuta.

Humrar saye tana da nata hukunci. A Babbar Kasuwa ko Wadata, ko a rumfunan baje kolin sana'o'in mata na SAFEM, ki tambayi ranar haɗi kafin ki tambayi kuɗi, kuma ki duba inda kwalbar take zaune. Wadda ta wuni a tebur rana na dukanta ta tsufa fiye da kwanakinta. Ki nemi a ɗiga miki a hannu, ki zaga kasuwa ki gama sauran cefane, sannan ki dawo ki yanke. Wadda aka aiko miki daga Difa ko Maiduguri ko Injamena kuwa, ki tuna daga Difa kaɗai tafiyar ta haura kilomita 1,300, galibi a ƙarƙashin mota cikin zafi da girgiza. Ki ba ta mako guda a wuri mai duhu ta huce, lakar ta kwanta, kafin ki ce an cuce ki ko an kyauta miki.

Saura kwalbar da aka tsinta a ƙasan adaka, ta mahaifiya ko ta kaka, wadda ba a san shekarunta ba. Ki buɗe a hankali, murfin yakan manne. Kada warin farko ya sa ki zubar, domin iskar da ta daɗe a kulle ce ke fara fita. Ki ɗiga a ƙyalle, ba a fata ba, ki dawo bayan rabin awa. Sau da yawa saman ya mutu amma sandal da farce suna nan da ransu, irin wannan tana yin kyau a turara tufafi ko a ƙarfafa sabon haɗi da kaɗan daga cikinta, bayan an gwada a 'yar kwalba. In kina son shafawa, ki fara da ɗigo a cikin gwiwar hannu ki jira kwana guda, kuma kada a shafa wa jariri ko amaryar da aka yi wa dilka da halawa fatarta na ɗanye. In kuwa kin ga fumfuna ko wani farin abu yana yawo a sama, ba sauran shawara, a zubar.

Ke kuma da kike da baƙar humra a ɗaka wadda ta riga ta ga bazara ɗaya, kina ajiye ta don wani bikin da ba a ma sa ranarsa ba, ki ɗauko ta gobe da safe ki gwada. In ta yi, ki rarraba ta a ƙananan kwalabe ki fara shafawa kafin zafin Afrilu ya shigo.